Idan An Yi Maka Sharri a Wurin Aiki

Mutanen Kiru da Bebeji ba za su manta da ranar 28 ga Satumban 2016 ba. A ranar ce Majalisar Wakilai ta dakatar da wakilinsu, Abdulmumin Jibrin Kofa, na tsawon ranakun zama 180, bayan ya fito ya zargi shugabannin majalisar, ƙarƙashin Yakubu Dogara, da yin cushe a kasafin kuɗin shekarar. Su kuma suka ce ya zubar da mutuncin majalisa. Aka rufe ofishinsa, kujerar ƙananan hukumomi biyu ta zauna wayam kusan shekara ɗaya da rabi, sai a Maris ɗin 2018 aka mayar da shi. Bayan wata biyu, Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa tsarin mulki, ya kuma ba da umarni a biya shi duk haƙƙoƙinsa na lokacin da ya yi a waje.

Wa ke da gaskiya a rigimar cushen, wannan na 'yan siyasa ne, su ƙarata. Abin lura shi ne kotun ba ta zauna ta ƙirga kuɗin kasafi ba. Hanyar da aka bi aka dakatar da mutumin ita ta duba. Haka ma aka yi a shari'ar Muhuyi Magaji Rimin Gado, tsohon shugaban Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, wanda aka dakatar a Yulin 2021 kan batun ƙin karɓar akantan da aka tura masa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ba shi gaskiya a ƙarshen 2022, amma bai koma kujerarsa ba sai a Yunin 2023, bayan gwamnati ta sauya hannu.

To, waɗannan manya ne, suna da manyan lauyoyi da 'yan jarida a ƙofar gida. Wanda nake tunani shi ne malamin firamare a Ɗansoshiya da aka ce ya karkatar da kayan makaranta, da ma'aikaciyar ɗakin shan-magani a wani ƙauyen Doguwa da aka ce tana sayar da maganin da gwamnati ta bayar kyauta, da mai karɓar haraji a kasuwar Tudun Wada da aka ce yana da rasit biyu. Da yawa daga cikinsu, da zarar takardar tuhuma ta iso, sai su ce "na bar su da Allah", su naɗe ta su sa a aljihu, su bazama neman wani babba da zai sa baki. Barin mutum da Allah ba laifi ba ne. Amma addinin da ya koya mana haƙuri shi ne ya ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umarni a binciki labari kafin a hukunta mutane da shi. Mai neman a saurare shi haƙƙinsa yake nema, ba rashin tawakkali ya yi ba.

Makon da takardar tuhuma ta zo shi ne mako mafi muhimmanci a cikin rigimar baki ɗaya, kuma shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sa'o'i 72 ake ba ma'aikaci ya ba da amsa a rubuce, kuma na jihohi ba su yi nisa da haka ba. Wanda ya yi shiru, fayil ɗinsa zai nuna cewa an ba shi dama ya ƙi amfani da ita, kuma wannan layin guda shi ne lauyan gwamnati zai karanta wa alƙali bayan shekara uku. Don haka ka amsa, ko da ranka a ɓace yake. Ka ɗauki zargin ɗaya bayan ɗaya. An ce buhu goma sun ɓata ran Talata? Ka faɗi inda kake ran Talatar, wa ke riƙe da makullin sito, wa ya sa hannu a littafin karɓar kaya. Idan zargin a dunƙule yake, irin "rashin gaskiya" ko "rashin ɗa'a" ba tare da rana ko adadi ba, ka nemi a fayyace maka shi a rubuce. Kada ka cika takardar da labarin yadda wane ya tsane ka tun zuwanka, ko da gaskiya ne. Kwamiti ba ya auna ƙiyayya, kwanan wata da sa hannu yake gani.

Akwai kuma tarkon da ladabinmu ke jefa mu ciki. An saba rufe irin wannan amsa da "a yi haƙuri, a yafe mini, ba zan sake ba", don a nuna biyayya ga oga. A wurin Bahaushe wannan tarbiyya ce, a cikin fayil kuwa amsa laifi ce. Ka yi ladabi iya ladabi, amma kada ka nemi gafarar abin da ba ka yi ba. Ka yi kwafi biyu, ka sa wanda ya karɓa ya buga hatimi ya rubuta kwanan wata a kan naka, ka kai shi gida. Ranar da aka hana ka shiga ofis, duk abin da ka bari a durowa ya fita daga hannunka.

Dakatarwa ba kora ba ce, ko da yake a gari, ɗaya ake ɗaukar su. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a Maris ɗin 2010, a shari'ar Bernard Longe, tsohon shugaban First Bank, wanda aka dakatar a 2002, sannan daraktoci suka zauna suka cire shi ba tare da sun gayyace shi zaman ba. Kotun ta ce dakataccen ma'aikaci yana nan a ma'aikacinsa, ta soke cirewar. Ma'anar wannan a gare ka ita ce har yanzu kana da haƙƙin a kira ka, ka ji abin da aka faɗa a kanka, ka yi wa mai zarginka tambayoyi, ka kawo shaidunka. Akwai kuma nauyi a kanka: kada ka ɓace. Wanda ya tafi ci-rani Legas ko ya koma gona ya kashe waya, aka aiko takardar gayyata ba a same shi ba, ya buɗe wa kansa sabon laifi na barin aiki, wanda ya fi na farkon sauƙin tabbatarwa. Batun albashi kuma ya danganta da irin takardar da aka ba ka. A ƙa'idojin tarayya akwai dakatarwar da ake biyan rabin albashi a cikinta, akwai wadda ake tsayar da shi ɗungurungum, kuma idan aka wanke mutum ana mayar masa da abin da aka riƙe.

Sai shawarar da ake kawowa da dare, cikin murya mai taushi: "Ka rubuta ka ajiye aikin da kanka, a rufe maganar, a rufa maka asiri." Wani lokaci mai faɗar haka da zuciya ɗaya yake yi. Amma wanda ya rubuta da hannunsa cewa ya bar aiki, zai sha wuya kafin ya gamsar da kotu cewa korarsa aka yi. Kada ka sa hannu a kan komai a ranar da aka miƙo maka shi.

Dokar Najeriya ba ta kallon ma'aikata duka da ido ɗaya, kuma gara mutum ya san inda ya tsaya kafin ya sayar da gona ya ɗauki lauya. Wanda doka ce ta tsara aikinsa, kamar tabbataccen ma'aikacin gwamnati ko malamin jami'a, idan aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba kotu na iya mayar da shi bakin aiki da duk albashinsa. An kafa wannan tun shari'ar Shitta-Bey a 1981 da ta Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. A nan har wanda ya sa hannu a takardar kora abin dubawa ne, domin babban ma'aikacin ƙaramar hukuma a hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ladabtarwarsa take, ba fushin ciyaman ba. Ma'aikacin kamfani ko makarantar kuɗi kuwa, bisa al'ada diyya kawai yake samu, kotu ba ta tilasta wa mai gida ya ci gaba da zama da wanda ba ya so. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara wa'adin sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar. Kaɗan ne, gaskiya. Sai dai tun daga wajajen 2015 Kotun Ma'aikata ta fara cewa sallamar mutum ba tare da ingantaccen dalili ba zalunci ne, kuma mai aikin da ya rubuta "sata" a takardar kora sai ya tabbatar da satar.

Kotun da za a nufa ma abin kula ne. Gyaran tsarin mulki na 2010, a sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai ikon sauraron rigimar aiki, kuma tana da reshe a Kano. Ko Sanusi Lamido Sanusi, da Shugaba Jonathan ya dakatar da shi daga shugabancin Babban Bankin Najeriya ranar 20 ga Fabrairun 2014, ya kai ƙararsa Babbar Kotun Tarayya, amma alƙali ya tura shi Kotun Ma'aikata. Lokaci kuma ba ya jira. Akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku, wadda lauyoyin gwamnati ke son fakewa da ita. Alƙalai sun sha bamban kan ko ta shafi rigimar aiki, to me zai sa ka zama zakaran gwajin dafi? Kafin a kai ga nan, ka sanar da ƙungiyarka a rubuce, NUT ta malamai ce, ko NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, ko ta ma'aikatan lafiya, tunda ai duk wata ana yankar kuɗinta a albashinka. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe ta tarayya, da aka kafa a 1975, kyauta take sauraro, amma yawanci ba ta karɓar maganar da ta wuce shekara ɗaya.

Wanda ya yi ƙagen fa? Ana iya ƙararsa kan ɓata suna, sai dai ba shi ne abin fara yi ba. Doka na kare wanda ya kai ƙorafi ga shugabansa da kyakkyawar niyya, sai ka nuna cewa ya san ƙarya yake yi. Takardar da ta wanke ka ita ce babbar hujjarka a kansa, don haka ita za ka fara nema.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ma'aikacin da ba shi da takarda ko ɗaya: yaron gidan mai a Kwanar Ɗangora, mai gadin injin casar shinkafa a Tudun Wada, malamar makarantar kuɗi da aka ɗauka da baki aka kore ta da baki. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikacinsa sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku, amma masu bin wannan a yankunanmu tsiraru ne. Irin wannan ma'aikaci ya adana saƙon banki na shigar albashi, da saƙonnin WhatsApp tsakaninsa da mai gida, da hoton rajistar da yake sa hannu kullum safe. Da su ne zai fara tabbatar wa kotu, ko ma zauren mai gari idan can aka kai maganar, cewa ya taɓa yin aiki a wurin, kafin a zo kan batun ko ya ɗauki kuɗin ko bai ɗauka ba.