Wasan Kwaikwayo a Zauren Jami'a

Idan yaro daga Cadakori, can ƙasar Gidan Rumji, ya ce wa mahaifinsa zai tafi jami'a don karatun wasan kwaikwayo, da wuya dattijon bai tambaye shi ba ko tashe ma ya zama fannin ilmi, alhali kuwa jami'ar da ke kusa da su, wato ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ga kimiyya da noma da likitanci ta fi karkata. Tambayar tana da hujja, kuma an daɗe da fara amsa ta a Zariya.

A shekarar 1975, lokacin da kuɗin man fetur ke jirkita al'amuran Nijeriya, birane na cika ƙauyuka na ragewa, wani Bature mai suna Michael Etherton, wanda ya riga ya koyar a Zambiya, ya fara darasin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Aka kuwa gina wa ɗalibai dandali da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, da zagayayyun ɗakuna da fili a tsakiya, don kada mai kallo ya ji shi baƙo ne. Wannan kaɗai ya isa ishara ga manufar malaman.

Amma muhimmin al'amari shi ne fitarsu daga harabar makaranta. A 1977, bayan hukuma ta yi shelar shirinta na ciyar da ƙasa, ɗalibai suka tafi garin Soba, suka zauna da manoma suna sauraron koke-kokensu, sannan suka mayar da abin da suka ji ya zama Wasan Manoma, suka nuna shi a gaban masu abin, aka kuma yi muhawara a kansa. Suka maimaita a Maska a 1979. Sannu a hankali suka fahimci aibin da ke cikin tsarin, cewa ɗan boko ya zo da wasa a shirye ya yi wa talaka wa'azi ya koma, don haka da aka je ƙauyen Bomo sai manoma da kansu suka shiga fage, ɗalibi ya koma mai taimako. A ganina, nan ne karatun ya balaga.

A daidai wannan zamani, Nijar ta bi wata hanya dabam. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, sai ya raya samariya, aka riƙa gasar teyatur a bikin matasa na ƙasa, irin su Yazi Dogo, malamin lakwal a Damagaram, suka shahara da wasannin Hausa waɗanda ake tsarawa da baki ba tare da dogon rubutu ba. Gwanintar ta samu ba tare da digiri ba, sai dai idon hukuma na kanta.

Yau kuma zamani ya sake juyawa: finafinan Kano, tun daga Turmin Danya na 1990, sun gaje zukata, wayar hannu ta zama dandalin kowa, sannan a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ɗalibin da ya fito daga Cadakori, idan ya samu jami'ar da ke koyar da fannin, zai tarar ana karantar da rubutun wasa da tsara fage da dabarun koyarwa, kuma idan aka zo babin asali, sai ya ji malami yana ambaton tashe da wasan gauta da 'yan kama, shi kuwa bara waccan da azumi shi ne ya ɗaura gemun auduga.