Jami'ar Atiku a Yola da yadda jami'o'in kuɗi suka yaɗu

Lokacin da ɗaliban farko suka shiga Jami'ar Amurka ta Najeriya, wato AUN, a 2005, ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Filin da aka kafa ta, a kan titin Lamido Zubairu a Yola, ya fi gine-ginen da ke cikinsa yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya kafa ta, Atiku Abubakar, yana Mataimakin Shugaban Ƙasa a lokacin, kuma ya nemo haɗin gwiwar wata jami'a da ke Washinton domin a tsara karatun bisa salon Amurka. Rukunin farko ya kammala a 2009.

Ba haka kawai ta faɗo daga sama ba. Gwamnatin soja ta Buhari ta rushe jami'o'i masu zaman kansu a 1984, sai wata doka ta 1993 ta sake buɗe ƙofa, amma sai a 1999 aka bai wa uku na farko lasisi: Igbinedion, Babcock da Madonna, dukansu a Kudu. Arewa ta biyo baya da AUN da Al-Qalam ta Katsina, daga bisani Kano ta samu Skyline da ta Maryam Abacha. Yau adadinsu a faɗin ƙasa ya haura 140.

Babban abin da ya tura iyaye wannan hanya shi ne yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta rufe azuzuwa a jami'o'in gwamnati kusan wata shida a 2013, wata tara a 2020, wata takwas a 2022. Uban da ya ga ɗansa ya shekara shida kan digirin shekara huɗu ba ya buƙatar wani talla. Ga kuma ƙarancin gurbi: kusan mutum miliyan biyu ke zana JAMB duk shekara. Abin da jami'ar kuɗi ke sayarwa kafin komai shi ne kalanda: ka san ranar shiga, ka san ranar fita.

Inda AUN ta bambanta kuwa shi ne a 2014. Da Boko Haram ta kama Mubi, 'yan gudun hijira suka malalo Yola, akasarinsu ba a sansani ba, a gidajen dangi da masallatai da coci-coci. Ƙarƙashin shugabarta Margee Ensign, jami'ar ta haɗa kai da limamai da fastoci da 'yan kasuwa na ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, wadda jami'ar ta taimaka aka kafa, aka riƙa raba abinci ga mutane fiye da dubu ɗari biyu. A shekarar ce kuma ta karɓi wasu daga 'yan matan Chibok da suka tsere daga hannun Boko Haram, kafin a kawo fiye da ɗari a 2017. Ta kuma buɗe shirin ciyar da almajirai tare da koya musu karatu da lissafi. Makarantar da ake yi wa kallon ta 'ya'yan masu hannu da shuni ta zama rumbun talakawa na wani lokaci.

Sai dai kuɗin makarantar miliyoyin naira ne a shekara, abin da ya fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati a Adamawa, balle manomi a Ganye. Wannan ne ya sa, duk da yawansu, jami'o'in kuɗi ba su ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na ɗaliban jami'a ba. Tun da kuma TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ba ya ba su tallafi, rayuwarsu na rataye ne a kan kuɗin ɗalibai da aljihun masu su. Jami'ar da ke ɗauko malamai daga ƙasashen waje tana jin jiki duk lokacin da naira ta faɗi. A 2020, shekarar korona, AUN ta rage ɗaruruwan ma'aikata.