Shirye-shiryen Shiga Kwas Ɗin Koyon Tuƙin Babur

1.0 Gabatarwa

Babur na ɗaya daga cikin ababen hawan da suka fi yawa a birane da ƙauyukan ƙasar Hausa. Shi ne abin hawan manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci, kuma shi ne abin da sabon malamin makaranta kan fara tunanin saye da zarar an tura shi aiki ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Sai dai da yawa daga cikin masu hawansa ba su taɓa zama gaban malamin tuƙi ba. A hannun wa ko aboki suka koya, cikin yini ɗaya ko biyu a filin ƙwallo, daga nan kuma sai titi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kowace shekara sanadiyyar haɗarin hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, wato tsarar ɗalibai da sababbin malamansu. Don haka wannan babi zai yi bayani a kan kwas ɗin koyon tuƙin babur, da irin shirin da ya kamata ɗan koyo ya yi kafin ya shiga.

2.0 Ma'anar Kwas Ɗin da Tsarinsa

Kwas ɗin koyon tuƙin babur wani gajeren horo ne da ƙwararren malami ke bai wa wanda bai taɓa tuƙi ba, ko wanda ya ɗan iya amma ba bisa ƙa'ida ba. Yakan kasu gida biyu: darasin aji, inda ake koyar da dokokin hanya da dabarun kauce wa haɗari, da kuma darasin fili, inda ake hawa babur a wurin da aka keɓe, babu mota babu masu wucewa.

A Amurka, wata gidauniya mai suna Motorcycle Safety Foundation, wadda aka kafa a 1973, ita ce ta tsara kwas ɗin da ya fi shahara. Yakan ɗauki kimanin awa 15: awa 5 na karatu, awa 10 na hawa, sannan a rufe da jarrabawar ilimi da ta gwajin tuƙi. A Birtaniya kuwa, tun 1990 doka ta wajabta wa sabon mai babur yin horon farko kafin ya hau titi shi kaɗai. Horon ya ƙunshi aƙalla awa 2 na tuƙi a kan titi tare da malami, kuma takardar shaidarsa tana aiki ne na shekara 2.

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke sa ido a kan makarantun koyon tuƙi da wayar da kan masu amfani da hanya. Lasisin babur shi ne na rukunin A, kuma ba a ba da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba. Ko ma a ina aka shirya horon, shirin da ake buƙata daga ɗan koyo kusan iri ɗaya ne.

3.0 Shirin da Ya Kamata a Yi

3.1 Iya Hawan Keke da Karatun Dokokin Hanya

Sharaɗi na farko shi ne iya hawan keke. Babur da keke duk masu ƙafa biyu ne, kuma daidaita jiki a kansu abu ɗaya ne. Wanda ya daɗe bai hau keke ba, yana da kyau ya ari ɗaya ya yi kwanaki yana zagayawa, yana gwada tafiya a hankali ƙwarai ba tare da ya sauke ƙafa ba. Tafiyar sannu ta fi gudu wuya a kan babur, kuma a nan ne 'yan koyo suka fi faɗuwa.

Haka kuma ya nemi littafin dokokin hanya ya karanta, ya san ma'anar alamomi, da wanda ke da haƙƙin fara wucewa a mararraba da shataletale. Ya kuma tambayi masu shirya kwas tun da wuri ko su ke ba da babur da hular kwano, da irin takardun da zai zo da su.

3.2 Sutura

Mai mota yana da ƙarfe da gilashi da ke kare shi. Mai babur kuwa ba shi da kariya sai abin da ya sa a jikinsa. Wannan ne ya sa malaman kwas kan hana wanda suturarsa ba ta cika ba hawa. Abubuwan da ake buƙata su ne:

(a) Hular kwano mai inganci, wadda ta zauna daidai a ka. Hanyar gwada ta ita ce a ɗaure igiyar haɓa, sannan a girgiza kai. Idan hular ta yi lilo, to ta yi yawa. Hular da ba a ɗaure ba takan fice tun kafin kai ya taɓa ƙasa, wadda kuma ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsagewa a jikinta ba. A lokacin da aka fara tilasta sa hular kwano a Nijeriya a watan Janairun 2009, an ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don gudun kamu. Ƙwarya dai ba za ta hana ƙwaƙwalwa jin bugu ba, domin aikin hular yana cikin soson da ke cikinta mai shanye ƙarfin karo.

(b) Tabarau ko gilashin hula, saboda ƙura da ƙwari, musamman a lokacin hunturu.

(c) Riga mai dogon hannu da dogon wando mai kauri.

(d) Safar hannu mai rufe yatsu duka, domin tafin hannu ne mutum kan fara kaiwa ƙasa idan ya faɗi.

(e) Takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu. Silifas ba takalmin tuƙi ba ne.

A nan akwai abin lura game da suturar Hausawa. Babbar riga da dogon hijabi da mayafi da zane suna iya shiga sarƙa ko wayoyin tayar baya su fizgo mai su ƙasa. Wanda zai je horo ya bar su a gida, wanda kuma dole ta sa ya hau da su daga baya, to ya tattare su sosai.

3.3 Sanin Sassan Babur

Ɗan koyon da ya san wurin da kowane abu yake ya rage wa kansa rabin wahala. A yawancin babura masu giya, hannun dama ne ke riƙe da totur da birkin gaba, hannun hagu kuma kuloci. Ƙafar dama ce ke taka birkin baya, ta hagu kuma ita ke sa giya. Tsarin giya ya bambanta daga babur zuwa babur: a wasu ana taka ta ɗaya ƙasa a ɗaga sauran sama, a wasu kuma duka ƙasa ake takawa. Babur ɗin da ake kira roba-roba ba shi da kulocin hannu. Saboda haka tilas ne a tambayi tsarin kowane babur kafin a hau shi.

Yana da amfani ɗan koyo ya zauna a kan babur a kashe, ya riƙa kai hannu ga sigina da oda da makunnin fitila, har ya iya taɓa su ba tare da ya duba ba. Amma kada ya ce zai fara koyon tuƙi a titi don ya burge malami. Gyaran mummunar ɗabi'ar da ta riga ta zauna ya fi koyar da sabon hannu wuya.

3.4 Shirin Jiki da Zuciya

Darasin fili aiki ne na awoyi a cikin rana. Ɗan koyo ya sami isasshen barci, ya ci abinci, ya tafi da ruwan sha. Ya nisanci duk wani abin maye da maganin da ke sa gyangyaɗi. Mai larurar ido ya zo da tabaransa. Ya kuma sa a ransa cewa babur zai mutu masa sau da yawa wajen tashi, wataƙila ma ya faɗi, kuma babu abin kunya a ciki. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

4.0 Abin da Ɗan Koyo Zai Tarar

Darasin farko shi ne sarrafa kuloci. Akwai wani ɗan wuri a tsakiyar sakinsa inda inji ke fara tura tayar baya. Wanda ya saki kuloci gaba ɗaya lokaci guda, ko dai babur ya mutu ko ya zabura da shi. Malami kan sa 'yan koyo su yi ta matsawa gaba kaɗan-kaɗan ƙafafunsu na ƙasa, har hannu ya gane wannan wuri.

Darasi na biyu shi ne birki, kuma a nan ne ake kawar da wata tsohuwar fahimta. Masu babur da yawa suna tsoron birkin gaba, suna cewa yana kifar da mutum. Gaskiyar magana ita ce, idan aka kama birki, nauyin babur da na mahayi kan koma kan tayar gaba, don haka birkin gaba ne ke ba da kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa. Abin da ke kayar da mutum shi ne damƙe shi farat ɗaya, musamman a kwana ko a kan yashi. Ƙa'ida ita ce a matsa shi sannu a hankali ana ƙarawa, tare da na baya, babur yana miƙe.

Lissafi ma ya tabbatar da muhimmancin wannan darasi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan akuya ta faɗo titi, mai tuƙi ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ya kai hannu ga birki, to ya riga ya ci wannan tazara. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake yi sau huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa ake koyar da barin tazarar aƙalla daƙiƙa 2 tsakanin babur da abin hawan da ke gabansa, a kuma ƙara a lokacin damina.

Darasi na uku shi ne kwana. Ana rage gudu kafin a shiga, a juya kai a dubi inda ake son fita, domin babur yana bin inda ido ya kalla ne. Wanda ya ƙura wa rami ido, cikinsa zai faɗa. Daga nan sai darasin kauce wa abu ba zato, da duba lafiyar babur kafin tafiya: iskar taya, birki, fitilu, baƙin mai, sarƙa da madubai.

5.0 Kammalawa

An ga cewa shirin shiga wannan kwas ya ƙunshi iya keke, da karanta dokokin hanya, da tanadin sutura, da sanin sassan babur, da kuma natsuwa. Takardar shaidar da ake samu a ƙarshe tana nuna cewa mutum ya iya abubuwan farko ne kawai. Ya kamata ya ci gaba da gwaji a hanyoyin da ba cunkoso, ya kuma jinkirta ɗaukar wani a baya har sai hannunsa ya faɗa. Malamin makaranta yana da ƙarin nauyi a nan, domin ɗalibai suna kallon yadda yake shigowa makaranta kowace safiya, da hular kwano ko babu, kuma abin da suka gani shi za su kwaikwaya.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa 5 na suturar mai babur tare da amfanin kowanne.
2. Me ya sa birkin gaba ya fi na baya ƙarfin tsayar da babur?
3. Fitar da kalmomin aro guda 8 daga wannan babi, ka bayyana sauye-sauyen sautin da suka samu a bakin Bahaushe.
4. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji 6 na firamare a kan amfanin hular kwano.