Maganin Zuciya da Sukarin Jini: Hattara ga Masu Wankin Ƙoda

Mafi yawan masu wankin ƙoda suna fama da hawan jini, kuma ciwon zuciya ne kan gaba wajen ajalinsu. Shi ya sa likitoci ke yawan rubuta musu magungunan da ake kira bita-buloka, irin su atenolol, metoprolol, carvedilol da propranolol. Tun da James Black na Birtaniya ya samar da propranolol a shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1988, waɗannan magunguna suka ceci rayuka ba adadi. Sai dai tasirinsu bai tsaya a zuciya ba.

Aikinsu shi ne tare sinadarin adiranalin don zuciya ta sassauta bugu. To amma adiranalin ɗin nan shi ne maigadin jiki idan suga ya faɗi. Shi ke sa hanta ta saki sukarin da ta adana, shi ke kawo faɗuwar gaba da rawar hannu, har mutum ya nemi abin sawa a baka. Idan magani ya tare shi, musamman propranolol, sai hanta ta yi nawa, alamun kuma su ɓuya. Gumi kuwa ba ya ɓuya.

Ga mai wankin ƙoda abin ya fi tsanani. Lafiyayyar ƙoda tana kawar da wani kaso na insulin daga jini, tana kuma ƙera suga idan yunwa ta yi tsawo. Da ta gaza, insulin sai ya daɗe yana aiki, ga shi ba mai tallafa wa hanta. A haɗa da rashin cin abinci da ke addabar masu wannan ciwo, sai mai ciwon suga ya iya suma ba tare da jiki ya gargaɗe shi ba.

A ɗaya ɓangaren, atenolol da metoprolol kan rage yadda jiki ke amsa insulin, su ƙara kitse a jini, sukari ya riƙa hawa sannu a hankali. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, mai suna GEMINI, kan mutum 1,235 masu ciwon suga da hawan jini, ya nuna metoprolol ya ɗaga ma'aunin sukari na wata uku, carvedilol kuwa bai ɗaga ba. Ba masu wankin ƙoda aka gwada ba, amma sakamakon ya ja hankalin likitocinsu.

Duk da haka babu maganin da ya dace da kowa. Injin wanki yana kwashe atenolol da metoprolol daga jini, don haka akan ba da atenolol bayan an sauka daga inji. Carvedilol ba ya wankuwa, kuma yakan sa jini ya faɗi ana tsaka da wanki. Propranolol da ire-irensa kuma suna iya ɗaga fotashiyam, sinadarin da yawansa ke tsayar da zuciya.

Wannan ya shafi azumi kai tsaye, domin doguwar yunwa tana sauke suga tana kuma ɗaga fotashiyam. Dabino, ayaba da lemon zaƙi cike suke da fotashiyam, saboda haka idan suga ya sauka ƙasa da 70, sukarin shayi a ɗan ruwa ya fi aminci.

Kada tsoro ya sa kowa ya daina shan maganin kwatsam, don hakan na iya tayar da bugun zuciya har ya jawo mummunan ciwo. Abin yi shi ne a riƙa auna suga, musamman ranar wanki, a ɗauki gumin da ba zafi ya kawo ba da muhimmanci, sannan a tambayi likita lokacin shan magani da adadin insulin kafin a ɗauki azumi.