Murjanin Kaka: Dutse Ne Ko Dabba?

Da wuya a rasa mai suna Murjanatu a makaranta, amma mu nawa ne muka san asalin murjani?

Mu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba mu da teku, amma a cikin adudun kakanninmu mata akwai abin da ya fito daga teku, wato jan murjani. Ba dutse ba ne. Wasu ƙananan dabbobi ne da ke zaune a dunƙule a ƙarƙashin Bahar Rum suke gina shi a matsayin ƙashinsu, kuma 'yan milimita kawai yake ƙaruwa a shekara. A da, fatake ne ke ratso Sahara da raƙuma su kawo shi Katsina da Kano. An ma ambace shi a Suratur Rahman.

To yaya za mu gane na gaske? Ya fi na roba nauyi da sanyi a hannu. Allura mai zafi tana narkar da na roba, na gilashi kuwa akan ga 'yan kumfa a cikinsa.

Babban maƙiyinsa shi ne tsami, domin ruwan lemun tsami yana cin sa. Mu nisanta shi da turare da omo, mu goge shi da ƙyalle mai laushi, mu ajiye shi daban kada wasu sarƙoƙi su karce shi.

Idan mun koma gida yau, mu roƙi kaka ta nuna mana nata, mu duba tare, kafin a miƙa wa dillaliya a kuɗin roba.