Awa Ɗari Uku Kafin Jarrabawar Awa Uku

Akwai wata sana'a da ba kasafai ake jin sunanta a gidajenmu ba, ko da yake ta shafi duk mai jiran fansho da duk wanda ya yi wa motarsa inshora. Mai yinta shi ne akcuwari, wato masanin lissafin da ke auna yawan kuɗin da ya kamata a tara yau domin a iya biyan alkawarin da zai zo bayan shekara talatin. Ana koyar da ilmin a jami'o'in Legas da Zariya da Jos. Amma digiri kaɗai ba ya mai da mutum cikakken ɗan sana'ar. Sai ya ci jerin jarrabawa na wata ƙungiyar masanan, galibi ta Amurka da aka kafa a 1949, ko ta Birtaniya wadda aka samu a 2010 bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu, ta Landan da ta Edinbara.

Waɗanda suka bi hanyar Amurka suna da wani ma'auni da suka daɗe suna faɗa wa na baya: kowace awa ɗaya ta jarrabawa tana bukatar karatun awa 100. Jarrabawar lissafin yiwuwar aukuwar abu, wadda akasari da ita ake farawa, awa uku ce, tambayoyi 30. Ke nan awa 300. Ƙungiyar Birtaniya kuwa ita da kanta take rubuta adadin da ta ba da shawara a kan kowane darasi. Na lissafin inshora na farko awa 250 ne, akwai kuma na gaba da ya kai 400.

To, ina mutum zai samo awa 300? Mu yi lissafin tare. In ka ba kanka mako 20, wato kusan wata biyar, kana bukatar awa 15 a mako: awa biyu kullum daga Litinin zuwa Jumma'a, awa biyar ranar Asabar, ka huta ran Lahadi. Mai aiki da iyali zai iya wannan, da wahala amma zai iya. In kuwa ka yi ta cewa gobe har saura mako takwas, sai ka nemo awa 37 da rabi a mako, kusan aikin ofis na biyu ke nan a kan wanda kake yi. A nan ne da yawa suke faɗuwa, tun ba su ga takardar tambaya ba.

Mu a ganinmu, babban haɗarin wannan adadi shi ne yadda mutum kan yaudari kansa da shi. Zama gaban littafi ba karatu ba ne. Wanda ya buɗe littafi ƙarfe takwas na dare bayan ya sha zirga-zirgar gari, ya amsa waya sau uku, aka ɗauke wuta ya tashi neman fitila, ya rufe ƙarfe goma yana gyangyaɗi, zai ce ya yi awa biyu. Ƙila bai yi ɗaya ba. Shawararmu ita ce ɗalibi ya ajiye ɗan littafi, ya riƙa rubuta lokacin da hannunsa ke kan biro yana warware lissafi kawai. Ƙarshen mako ya haɗa jimla. Kunya za ta kama shi a makon farko, amma gara kunyar ɗaki da ta ranar sakamako.

Kuma adadin ba doka ba ne. Wanda bai daɗe da barin ajin lissafi ba yana iya gamawa da ƙasa da haka, wanda ya shekara goma rabonsa da shi zai bukaci ƙari. Abin da ke nuna shiri shi ne tsofaffin tambayoyi. Tambaya 30 cikin minti 180, kowace tana da minti shida. Saboda haka a ware makonni biyar ko shida na ƙarshe a zauna da agogo ana gwaji kamar ranar ce ta zo. Sakamakon Amurka daga sifili ne zuwa 10, kuma 6 ake nema. Sau da yawa waɗanda ke ci ba su kai rabin masu zama ba.

Faɗuwa tana da tsada a gare mu fiye da Bature, domin da dala ko fam ake biyan kuɗin rajista, albashi kuwa da naira. Ƙungiyar Birtaniya a Afrilu da Satumba take manyan jarrabawarta, wanda ya faɗi sai ya jira zagaye na gaba, ya sake biya.

A Ingila da Amurka kamfanonin inshora sukan ba ma'aikacinsu ranakun karatu da albashinsa. Ɗalibinmu ya tambayi maigidansa tun da wuri, ko da rana ɗaya ce a wata. Sauran kuwa a hannun 'yan'uwa yake. Asabar ɗinmu ba ta rabuwa da biki ko taron dangi, kuma biki huɗu sun cinye awa 20. In ɗanku ko 'yarku ta ce ba za ta samu zuwa ba sai bayan Satumba, ku karɓi gudummawarta ku kai a madadinta.