Ƙaramin Ƙarfe Mai Kashe Babban Inji

Motar tseren nan ta Jamus, BMW M3, ƙirar 2007 zuwa 2013, injinta yakan juya har sau 8,400 a minti guda. Inda kowace sandar fistin ta kama karanshaf akwai ɓawon ƙarfe mai laushi guda biyu, watau 16 ke nan duka. In aka bari suka cinye har inji ya fara ƙwanƙwasa, to, ɓarna ta riga ta auku.

Masu gyara a gida sukan tsiyaye baƙin mai, su kwance kwanonsa ta ƙasa, su sake ɓawon ɗaya bayan ɗaya. Mu dai muna jan kunne: notunan sandar sukan miƙe garin ɗauri, saboda haka lalle a sa sababbi, a ɗaure bisa awon kamfani. Wanda ya yi rowar noti, inji zai saya.